Magana A Kan Yankan Kazar Gida Da Gyaranta

Godiya ta tabbata ga Allah wanda ya hore mana dabbobi da tsuntsaye, ya halatta mana namansu bisa sharaɗi. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa baki ɗaya. Bayan haka, ya 'yan'uwa masu karatun wannan shafi, abin da na yi nufin mu duba yau shi ne yankan kazar gida da gyaranta, tun daga akurki har ta shiga tukunya.

Na san wani zai ce, ashe malam ya rasa abin rubutawa sai kaza? To, ka yi haƙuri ka ji. Ragon layya sau ɗaya ake yanka shi a shekara, kuma kafin ranar liman ya yi wa'azi a kansa, mai gida ya wasa wuƙa tun jajibere, dattawa suna tsaye suna kallo. Sa da raƙumi kuwa aikin mahauta ne, suna da Sarkin Fawa, suna da malamin da ya san aikinsa a kwata. Amma kaza ita ce aka fi yankawa a gidajenmu, ita ce kuma aka fi sakaci da ita. Baƙo ya sauka, a kama kaza. Mace ta haihu, a kama kaza. Ƙaramar Salla, da daren cika-ciki, da ranar da yaro ya kai Sabbi a allonsa, duk kaza ce ke biyan bukata. Sau da yawa kuwa mai gida ba ya nan, sai a miƙa wa wani yaro wuƙar yankan kuɓewa a ce maza je ka bayan ɗaki. Hukuncin da ke kan wuyan rago shi ne ke kan wuyan kaza, ba a rage kome ba don ƙanƙantarta. In yanka ya ɓaci ta zama mushe, a kai ta tukunya, romonta ya shiga tuwo, gida duka ya ci.

Kafin wuƙa akwai tambaya guda, watau kazar ta wa ce? A mafi yawan gidajenmu kaji na mata ne. Ita ta sayi sagara da kuɗin saƙarta ko na ƙuli-ƙuli, ita ta zuba mata dusa da tsaki, ita ta tsare kwanci kwana 21 har aka ƙyanƙyashe, ita ta yi ta korar shirwa da muzuru. Kazar nan ita ce asusunta, da ita za ta sayi magani ranar da yaro ya kwana da zazzaɓi. Shari'a ba ta ba miji iko a kan dukiyar matarsa ba, ciyar da gida da saukar baƙo kuwa a wuyansa suke. Saboda haka mutumin da ya yi baƙo ya shiga gida ya nuna zakaran matarsa ya ce a kama, bai tambaya ba, bai biya ba, ko da ya yi bisimilla sau goma ya ciyar da baƙonsa abin da ba nasa ba. Ya roƙa a ba shi da daɗin rai, ko ya saya kamar yadda zai saya a kasuwa. Haka kuma kazar maƙwabta da ta saba shigowa kiwo, daɗewarta a tsakar gidanka ba ya mayar da ita taka. Wanda ke tsoron kajinsa su cuɗe da na wasu ya ɗaura musu ƙyalle a fiffike ko zare a ƙafa. Yanke musu yatsa don shaida azaba ce ba bisa dalili ba.

Naman kaza halal ne, babu saɓani. Buhari da Muslim sun kawo labarin Abu Musa al-Ash'ari, Allah ya yarda da shi, cewa an kawo masa abinci da naman kaza, wani mutum ya ja da baya domin ya taɓa ganin kaza tana cin ƙazanta. Abu Musa ya kira shi ya matso, ya gaya masa shi da idonsa ya ga Manzon Allah yana cin naman kaza. Ƙyamar mutumin nan ba ta rasa dalili ba, don kowa ya san inda kazar gida take tono. A mazhabarmu ta Imamu Malik cin ƙazantar ba ya haramta namanta, sai dai kashinta ya zama najasa muddin tana ci. An ruwaito cewa Abdullahi ɗan Umar yakan tsare irin wannan kaza kwana uku kafin ya yanka. Ni dai ina ganin wannan ya fi, kuma ba wuya gare shi: a kife ta a kwando ko a rufe ta a akurki, a ba ta tsabar dawa da ruwa mai kyau. Daren da za a wayi gari a yanka, a janye mata abinci a bar mata ruwa kaɗai, kamar awa 8 zuwa 12. Masana kiwon kaji sun tabbatar da amfanin haka, domin hanjinta zai zama ba kome ciki, ba zai fashe ya ɓata nama ba lokacin gyara.

Da dare ake kama kaza, sa'ad da ta shiga akurki, hannu ɗaya ya isa. Abin da yara ke yi da rana, su bi ta da gudu da sanduna da hoge, zagaye bayan zagaye, yana da haɗari guda da mutane ba su lura da shi ba. A wurin malamanmu dabbar gida ba ta halatta da jifa ko harbi ko da ta gagara kamu, wannan hukuncin naman daji ne. In aka jefe ta ta mutu kafin wuƙa ta iso, mushe ce. Masu kiwon zabi su suka fi faɗawa cikin wannan.

Wa zai yanka? Musulmi mai hankali wanda ya san abin da yake yi. Mahaukaci da wanda maye ya ɗauke wa hankali da ƙaramin yaron da bai san niyya ba, yankansu ba ya ciwuwa. Yaron da ya yi wayo ya iya, yankansa ya inganta ko bai balaga ba. Alwala ba sharaɗi ba ce, janaba kuma ba ta ɓata yanka, ko da yake ana yawan faɗin haka a zaure. Sa'an nan ga maganar mata. Al'adarmu ta ɗauka mace ba ta yanka, har za ka ga baiwar Allah ta tura yarinya ƙofar gida da kaza da wuƙa, a tare duk namijin da ya fara wucewa, ba a san ko yana salla ba, ba a san ko ya iya ba. Har na sha jin kaza ta mutu a hannu ana jiran namiji. A cikin Muwaɗɗa ta Imamu Malik akwai labarin wata kuyangar Ka'abu ɗan Malik da take kiwon tumaki a dutsen Sal'u na Madina, ta ga wata tunkiya za ta mutu, ta yanka ta da dutse mai kaifi, aka tambayi Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi umurni a ci. Mace ce, kuma ba ma da wuƙa ba. Saboda haka uwar gida da ta san hukunci ta fi baƙon kan hanya da bai sani ba. Wadda ba ta iya ganin jini, wannan daban, ba a tilasta ta.

Yanzu sai yankan kansa, nan ne nake so mai karatu ya natsu. Abin da Ibnu Abi Zaidin al-Ƙairawani, wanda ya rasu a shekara ta 386 bayan hijira, ya tabbatar a cikin Risala, kuma Shehu Halilu ya bi da ƙarin bayani a cikin Muhtasar, shi ne abubuwa uku ake yankewa: maƙogwaro, watau hanyar numfashi, da jijiyoyin jini biyu da ke gefen wuya dama da hagu. In ɗaya daga cikin ukun ya saura, yanka bai cika ba. Kuskuren da aka fi yi ga kaza shi ne a huda maƙogwaro da jijiya ɗaya, a ga jini, a saki. Wuyan kaza siriri ne, fatarsa kuma tana zamewa, gashi yana tare bakin wuƙa. Don haka a kwantar da ita a kan ɓarinta na hagu ta fuskanci alƙibla, bahago kuwa ya kwantar da ita ta dama don ya sami hannu. A taka fikafikai da ƙafafu a hankali ba tare da karya ƙashi ba, ko wani ya riƙe. A kama kai, a ja fatar wuya ta miƙe, a buɗa gashin da yatsa. Wasu sukan tsige gashin wurin tana da rai, ba na son wannan, buɗawa ta wadatar.

Sai ka lura da zakaran wuya, ɗan kumburin nan da ke saman maƙogwaro kusa da haɓa. Wuƙa ta sauka a ƙarƙashinsa, ya zama ya tafi wajen kai, ko a ƙalla wani yanki nasa kamar zobe ya saura wajen kai. In ka yanka can sama dab da baki har zakaran wuyan ya koma wajen jiki gaba ɗaya, ba ka yanke maƙogwaro ba ke nan, kuma magana mafi shahara a mazhaba ita ce ba a ci. Ga kaza tazarar ba ta fi faɗin yatsa ba, shi ya sa ake lalubawa da babban yatsa kafin a sa wuƙa.

Ka yi niyyar yanka a zuciyarka, ka ce Bismillahi, Allahu Akbar, ka tsaya nan, ba a ƙara sunayen rahama a wannan wuri. Wanda ya manta bisimilla, a ci yankansa. Wanda ya bar ta da gangan, ba a ci. In kaji goma ne, kowace da tata bisimilla, ta farko ba ta ɗaukar wa sauran. Daga gaba ake yanka. Wanda ya fara ta ƙeya ya riga ya tsinke laka kafin ya iso inda shari'a ta ce, ya kashe ta kafin ya yanka ta. Kada kuma ka ɗaga hannu sai ka gama. Mai Risala ya tsananta a nan, cewa wanda ya yanke wani sashe ya ɗaga hannunsa, sa'an nan ya komo ya ƙarasa, ba a ci. Masu sharhi sun yi sauƙi ga wanda ya komo nan take, kamar wanda kazar ta fizge ya sake kamawa a cikin numfashi ɗaya. Amma wanda ya saki, ya tsaya yana kallo, ya ga ba ta mutu ba, ya aika a kawo wata wuƙa daga ɗaki, wannan ya yi hasarar kazarsa. In kuwa hannu ya zarce har kai ya fita, abin ƙi ne a yi shi da gangan, amma nama ya halatta.

Duk waɗannan matsaloli, in ka duba, uwarsu ɗaya ce, dakusasshiyar wuƙa. Mai kaifi ja ɗaya ko biyu ta gama. Annabi ya yi umurni da kyautata yanka, da wasa wuƙa, da hutar da abin yankawa. A wasa ta tun kafin a kamo kazar, ba a gabanta ba, kuma kada a yanka wata 'yar'uwarta tana kallo. Masu magana sun ce sabo da kaza ba ya hana yanka ta, gaskiya ne, amma bai ce a wulaƙanta ta ba. Ɗaukar kaji a rataye kai ƙasa a bayan babur tun daga ƙauye har birni cikin rana, babu ruwa, shi ma yana cikin abin da za a tambayi mutum.

Bayan yanka kaza takan yi ta shure-shure, wata har ta miƙe ta yi 'yan taku. Jahilai sukan ce alama ce mai yankan ba shi da tsarki, ko yankan bai karɓu ba. Ba haka ba ne. Laka ce take motsa gaɓoɓi. A riƙe ta, ko a kife mata kwando don kada ta yi birgima cikin ƙazanta ta fantsama wa mutane jini a tufa, gama jinin da ya kwarara wurin yanka najasa ne. A tona ɗan rami ya zuba ciki a rufe. Kada a karya mata wuya, kada a fara figa, kada a tsoma ta a ruwan zafi, sai ta yi sanyi ta daina motsi ɗungum. Minti uku ko huɗu ne, ba su hana kowa cin abinci ba. Abin da nake gani wurin waɗansu masu yankan kaji a kasuwa, a shafa wuƙa a jefa cikin garwa, wata kan wata, a kwaso a zuba a ruwan zafi wata tana numfashi, wanda ya sayi kaza can ya tsaya a kan tasa har a gama.

Akwai yankan da ko an cika dukkan sharuɗɗan nan ba ya halatta, shi ne wanda aka yi don wanin Allah. Boka ya ce a kawo jan zakara, ko baƙar kaza, ko fingi, a yanka a gindin tsamiya, ko a kan mararraba, ko a bakin sabuwar rijiya don masu wurin su sha jini. Suratul Ma'ida ta jera wannan tare da mushe da naman alade. Ambaton sunan Allah da baki ba ya gyara shi, tun da zuciya ta riga ta nufi wani. In sadaka mutum yake so ya yi, launin gashi ba ruwansa da sadaka. Kuma a sani kaza ba ta isar wa layya ko yankan suna, waɗannan sai dabbobin ni'ima. Wanda ba shi da halin rago babu laifi a kansa, ya yanka kazarsa iyali su ci nama, kada dai ya kira ta layya.

Tambayar da aka fi kawo mini ita ce ta kazar da ta gamu da wahala: mota ta buge ta, ko shaho ya sure ta ya saki, ko muzuru ya kama ta aka ƙwace, ko ta faɗa rijiya. Malamanmu sun ce a duba makasa. In laka ta tsinke a wuya ko a gadon baya, ko ƙwaƙwalwa ta fito, ko kayan ciki sun zubo, ko hanji ya huje, ko jijiyar wuya ta yanke, to yanka ba ya amfani, ko tana motsi, domin motsin mutuwa ne. In ba a taɓa ko ɗaya daga cikin waɗannan ba, karayar ƙafa ce ko ta fiffike ko rauni a tsoka, a yanka a ci. Mara lafiya kuwa da aka fid da rai gare ta, ana neman alamar rai lokacin yankan, watau motsi mai ƙarfi kamar shura ƙafa da bugun fiffike, ko jini ya yi tsartuwa. Ɗan rawar jiki da jinin da ya gangaro a hankali ba su isa ba.

Amma a nan sai na tsaya, domin ingancin yanka ƙofa ɗaya ce, cutarwa kuma wata ƙofa ce, abin da zai cuci jiki shari'a ta hana shi ko an yanka shi daidai. Kowa ya san annobar kaji da ke zuwa da hunturu, kaza ta saki fikafikai, ta yi ta haki, kashinta ya koma kore ko fari, wuyanta ya murɗe. Likitocin dabbobi suna kiranta da sunan Niyukasil, wani gari a Ingila inda aka gane ta a 1926. Ita wannan ba ta cika kama mutum ba, in ta yi yawa ta sa masa jan ido. Akwai kuma rigakafinta, ana yin sa a cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta Vom a ƙasar Filato, ana ɗiga wa kaza a ido, kuma kafin sanyi ya shigo ya kamata a nema. Wadda ta fi ta sharri ita ce murar tsuntsaye. A watan Fabrairu na 2006 aka tabbatar da ɓullarta a wata gonar kaji kusa da Jaji a jihar Kaduna, shi ne karo na farko a Afirka, cikin watan nan kuma ta bayyana a Magarya ta ƙasar Nijar. A Janairun 2007 ta kashe wata mace mai shekara 22 a Ikko. Ta sake dawowa a 2015, Kano na cikin wuraren da ta fara taɓawa. Ita tana kama mutum, kuma wanda ya fi kusa da haɗari shi ne mai yanka da mai figa da mai gyaran ciki, watau matanmu da 'ya'yanmu. Mai ido ba zai iya raba cututtukan nan biyu da kallo ba. Saboda haka in ka wayi gari kaji uku ko biyar sun mutu farat ɗaya, zankon sauran ya kumbura ya yi baƙi-baƙi, kada ka ce bari in yi sauri in yanka kafin su mutu, kada kuma ka kwashe su zuwa kasuwa ka karyar, ka kai wa ɗan'uwanka Musulmi annoba gidansa da hannunka. A haƙa rami mai zurfi a binne matattun, a wanke hannu da sabulu, a gaya wa malaman dabbobi. Na san zafin hasarar, musamman ga tsohuwar da kaji biyar ne dukiyarta. Sabuwar kaza da aka sayo ko aka kawo kyauta, a ware ta mako biyu kafin ta shiga cikin na gida. Wadda kuma aka ɗura wa kafso ko aka yi wa allura, a jira kwanakin da aka rubuta a jikin maganin su cika, domin maganin yana zama cikin nama da ƙwai.

To, ta mutu ta yi sanyi, sai gyara. Farko a wanke wurin yankan da ruwa har jinin ya fita, kafin a kai ta ruwan zafi. Malamai sun yi magana a kan kazar da aka tsoma da jininta: masu sauƙaƙawa sun ce tsomawar figa ba dafuwa ba ce, wanki ya isa, waɗansu kuwa sun tsananta. Wanda ya wanke tun farko ya fita daga saɓanin da ruwa moɗa ɗaya. Ruwan figa ba tafasasshe ake so ba. Tafasasshe yana dafa fata ta saɓule, ya bar nama tsirara. Abin da ake so wajen digiri 60 ne a ma'aunin zafi, in ba ma'auni a haɗa kwano ɗaya na tafasasshe da kwano ɗaya na ruwan randa. A riƙe ƙafafu a tsoma a juya kamar minti ɗaya, a gwada jan gashin fiffike, in ya fito ba gardama ya yi. In kajin da yawa ne a riƙa sauya ruwan. Bayan figa sai babbaka don ƙananan gashin nan masu kama da suma, kuma ita ce ke ba kazar gida ƙanshinta. Da karan dawa ko busasshiyar ciyawa ake yi. Leda da roba da tsohuwar taya hayaƙinsu guba ne, yana kama fata.

A yanke ƙafafu a gwiwa, a saɓule ɓawonsu. A tsaga fatar wuya a zare ɓoroɓoro, jakar nan da take tara tsaba, a hankali kada ta fashe. A saman gindin wutsiya akwai wani ɗan ƙullutu mai maiƙo da kaza ke shafa wa gashinta, a yanke shi a yar, shi ke kawo ƙarni. Sa'an nan a tsaga ciki ta ƙasan ƙirji da bakin wuƙa, ba a zurfafa ba, a sa yatsu a jawo kayan ciki gaba ɗaya. A jikin hanta akwai matsarmama, 'yar koriyar jaka, a yanke ta tare da ɗan abin da ke kewaye da ita, gama in ta fashe ɗacinta ba ya wankuwa. A duba hantar da kyau. Ta lafiyayyar kaza sumul take, ja mai duhu. In an ga ta kumbura, ko da fararen ɗigo a jikinta, ko ciki ya tara ruwa mai wari, a haƙura da kazar. Ƙundu a tsaga shi ta gefe, a juye tsakuwar da ke ciki, a ɓare rawayar fatar nan. Huhu yana manne da haƙarƙari, a ƙwaƙule shi. Jinin da ya saura cikin jijiyoyi da tsoka da zuciya bayan yanka ba najasa ba ne, kada waswasi ya sa a yi ta wankin nama har ya yi fari. Ƙwan da aka tarar a cikin kazar da aka yanka halal ne, ko bai yi ɓawo ba. Wanda aka ciro daga cikin mushe kuwa, a mazhabarmu najasa ne.

Ɗanyen naman kaza, ko na lafiyayya, yana ɗauke da ƙwayoyin cuta da ido ba ya gani, masu sa gudawa da amai, wuta ce kaɗai ke kashe su. Wuƙa da faranti da hannun da suka taɓa shi, kada su taɓa albasa ko tumatir ko latas da za a ci ɗanye sai an wanke da sabulu. Ruwan wankin kuma kada a watsa shi inda yara ke rarrafe. Da bazara kada nama ya yi awa guda a ajiye ba a ɗora ba. Likitoci sun ce sai zafin cikin tsoka ya kai digiri 74, alamarsa a gida ita ce a tsaga cinya wurin gaɓa, a ga ba ja, ruwan da ke fita kuma garau. Masu gashi su suka fi bukatar wannan gwaji, domin waje yakan ƙone ciki da saura.

Kazar gidan gona a mako shida zuwa takwas ta isa yanka, namanta da taushi, ba ta son doguwar wuta. Ta gida kuwa sai ta yi wata biyar ko shida tana yawo tana tono, shi ya sa namanta ya yi tauri, shi ya sa kuma romonta ya fi. Sagara da ɗan zakara su ne na suya da gashi. Tsohuwar da ta gama ƙwai da zakaran da ya daɗe yana cara, nasu farfesu ne ko dambu, a sa citta da kanumfari da masoro da kimba da tafarnuwa da albasa, a rage wuta, a ba su lokaci. Wanda ke sauri ya jefa 'yan yankan ɗanyar gwanda, tana sa nama laushi. Abin da na ji waɗansu masu sayar da abinci suna yi, su jefa ƙwayar maganin ciwon kai a tukunya don nama ya yi saurin nuna, hukuma ta yi gargaɗi a kansa, yana lalata hanta da ƙoda.

Wajen rabo, a gidaje da yawa ƙundu na mai gida ne, har akan yi rigima in ya duba kwano bai gan shi ba. Al'ada ce, ba ta da asali a littafi, ba ta kuma da laifi in an yi ta da wasa da dariya. Abin da ba na so shi ne a tara cinya da ƙirji a kwanon zaure, a bar wa yara kai da ƙafa da wuya, wadda ta yi kiwon ta yi figar ta tashi da romo. Yaro mai girma da mace mai ciki da mai jego sun fi ƙaton da ke zaune a zaure bukatar tsoka. Gashi da hanji da abin da aka yar kuwa a binne su, kada a zuba a lungu, domin warinsu ne ke koya wa muzuru da karnuka hanyar akurki.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu duba hukuncin abin da maharbi ya harbo da bindiga, da wanda tarko ya kama. Wassalam.